Waken Yana Ɗaki, Yarinya Tana Tamowa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan uwana magidanta na karkara, tunda mu ne muke riƙe da makullin rumbu.

Daminar bara jikata, 'yar wata goma sha huɗu, ta fara ƙin abinci. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu da kumatu suka cika. Kakarta ta ce ai ƙiba take yi, har muka yi murna. Da kukan ya ƙi ƙarewa muka kai ta asibitin da ke kusa da mu. Ma'aikaciyar ta danna bayan ƙafarta da babban yatsa, ta ɗaga, sai gurbin ya zauna kamar an danna malmalar tuwo. Ta zagaya damtsenta da wani ɗan tef mai launi uku, ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5. Ta ce, "Baba, tamowa ce, kumburi ne ba ƙiba ba. Me take ci?" Na ce kunu da tuwo, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Ta ce, "Ban da su fa?" Na rasa ta cewa. A ranar nan akwai buhun wake uku a ɗakina, ina jira ya yi tsada in kai kasuwar Gujungu.

Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, ina rubuta azuzuwan abinci a allo, amma sai ran nan karatun ya shige ni. Gero da dawa da masara ƙarfi suke bayarwa. Naman jiki da jini da ƙwaƙwalwar yaro kuwa da wake da gyaɗa da waken suya da ƙwai da kifi da nono ake gina su. Zogale da rama da alayyahu da kabewa su ke tsare jiki daga cuta da ƙarancin jini. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, bai fi ludayi ɗaya zuwa biyu ba ya cika. In aka cika shi da tsararon kunu, ya ƙoshi kam, ya yi barci, amma babu abin da jiki zai yi gini da shi.

Abin da ke min ciwo, duk waɗannan abubuwa mu muke noma su. Riɗinmu da zoɓonmu har ƙasashen waje ake fita da su. Kifin Haɗeja ana loda shi zuwa birane. Ƙwan zabi muna jera shi a tire a bakin titi, mu sayar, mu sayo taliya da lemon kwalba. A wasu gidajen ma har yanzu ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Ni dai ban taɓa ganin wanda ƙwai ya kai gidan yari ba, amma na ga yaran da rashinsa ya kwantar. Haka dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar: shi ne rigakafin farko na jariri. Nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa babu, sannan a fara haɗawa da abinci.

Mu maza kuma mu ji tsoron Allah. Mutum ya bar gida da miyar kuka lami, ya zauna teburin mai shayi a soya masa ƙwai uku, ya biya wajen mai tsire, mai ciki da mai goyo suna gida suna jiran ragowar kwano.

Wannan ruɗun na auna lafiya da cikar jiki bai tsaya kan yara ba. Ana ɗura wa 'yan mata ƙwayoyin sha-ka-fashe kafin biki don a ce amarya ta yi kyau. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan ruwa suke tara wa jiki, fuska ta kumbura, su kuma jawo hawan jini da ciwon suga. Tumbin da muke kira alamar hutu shi ma hanyarsa ke nan.

Jikata ta yi makonni tana shan abincin tamowa na leda, mai kama da tunkuza. Yanzu uwarta tana soya gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, ta dama mata da kauri ta zuba garin zogale. Ƙwai biyu daga kajin gida na hana a sayar, nata ne da na uwarta. Tana tafiya yanzu, har tana bin awaki a tsakar gida.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi kan wannan magana da kaka, lokacin da amfani ke hannu kafin 'yan kasuwa su kwashe, ku kuma sa ma'aikatan lafiya su yi bayanin ma'aunin haɗin kunun nan da gwangwani da mudu, yadda matan ƙauye za su gane.

Wassalam.

Malamin firamare mai ritaya,
ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.