Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye Kan Ɗaukar Sababbin Ɗalibai da Koyarwa da Harshe Biyu

Ya ku iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, hukumar makaranta tana sanar da ku cewa an fara karɓar takardun neman gurbi na shekarar karatu da za ta kama a watan Satumba, tun daga nazare har ajin farko na ƙaramar sakandare. Abin da za a zo da shi yana nan yadda aka saba: takardar haihuwa, katin rigakafi, hoton fasfo, da sakamakon zangon ƙarshe ga yaron da ke tahowa daga wata makaranta.

Abin da muka sauya shi ne yadda muke ganawa da yaro. A baya da Turanci zalla muke yi masa tambayoyi, kuma mun gane cewa mun yi kuskure, domin sau da yawa yaro mai kaifin basira kan sunkuyar da kai ya yi gum, mu ɗauka bai san komai ba, alhali da an ce masa da Hausa ya ƙirga ƙwallayen dabinon da ke gabansa, ko ya ba da labarin hoton da aka nuna masa, da sai an roƙe shi ya tsaya. Daga bana malamar da za ta zauna da shi za ta yi masa magana da harshen da ya fi sakewa da shi, tana duba fahimtarsa da lissafinsa da yadda yake saurare, daga bisani a auna Turancinsa don a san ajin da ya dace da shi da taimakon da yake bukata.

Saboda haka muna roƙonku, don Allah kada ku hana yaranku Hausa a gida da sunan shirya su. Mun sha jin uwa tana cewa, "Malama, mun daina yi masa Hausa don Turancinsa ya fita." Niyyar mai kyau ce, amma yaron da aka raba da harshen da yake tunani da shi yakan iso aji da 'yan kalmomin da ya haddace, ba tare da ya iya jera hujja a kowane harshe ba. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ba da shawarar fara koyar da yaro da harshen uwa ko na al'ummar da yake cikinta. A 1970 kuma Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka soma gwajin koyar da 'yan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

A wurinmu, daga nazare zuwa aji 3 na firamare Hausa da Turanci suna tafiya tare, yaro ya koyi karatu da rubutu a kowanne, har da ɓ da ɗ da ƙ waɗanda manya da yawa ke tsallakewa. Daga aji 4 Turanci ke ɗaukar nauyin lissafi da kimiyya, tunda da shi za a zauna jarabawar WAEC da NECO da IGCSE ta Kambirij, amma Hausa ba ta barin jadawali. Faransanci yana shigowa a matsayin darasi, saboda Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk maƙwabtanmu ne.

Kaduna gari ne na kowa, kuma muna da 'ya'yan Gbagyi da Bajju da Atyap da Fulani da Yarbawa da Ibo. Yaron da ba Hausa ake yi a gidansu ba zai samu ƙaramin aji na musamman har kunnensa ya buɗe, kuma ba za a rage masa maki a ganawar shiga saboda haka ba.

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, ba mu da wurin kwana. Masu tahowa daga Barnawa ko Rigasa ko Kawo su yi la'akari da cunkoson safiya kafin su yanke shawara, domin ƙaramin yaron da ya gaji a hanya ba ya cin moriyar darasin farko. Ofishinmu a buɗe yake ranakun aiki ga mai son ya zauna a bayan aji ya ga yadda ake koyarwa kafin ya karɓi fom.

Wassalam,
Shugabar makaranta, a madadin hukumar gudanarwa, Kaduna