A Riƙa Auna Zafin Gini Kafin a Ba da Izini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu ba da izinin gini a Jihar Katsina kan abin da ba kasafai ake dubawa a takardar zane ba, wato irin zafin da gini zai tara idan mutane suka shiga cikinsa.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40, kuma a Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali, wanda yanayinsa bai yi nisa da namu ba, ya kai digiri 48.5. Duk da haka muna ta jera bulo na siminti, mu ɗora kwano babu silin, mu buɗe taga ɗaya tana kallon yamma, sannan mu dogara ga fanka alhali wutar lantarki ba ta tsayawa. Kwano yana zubo zafi tun hantsi, bango kuma ya sha rana yini guda ya riƙa fitar da shi cikin dare, lokacin da jiki yake buƙatar hucewa. A da mutane kan kwana a tsakar gida, amma yanzu rashin tsaro ya mayar da iyalai da yawa cikin ɗaki a kulle, kuma jarirai da tsofaffi da masu juna biyu su suka fi shan wuya. Maginanmu na dā, masu tubali da azara da katanga mai kauri, sun fi mu sanin wannan rana.

Gini yakan yi shekara 50 a tsaye, saboda haka da zafin gobe ya kamata a auna shi, ba na jiya ba. Ingila, duk da sanyinta, tun 2022 ta wajabta duba haɗarin zafi a sababbin gidaje.

Roƙona shi ne a fara da ajujuwa da ɗakunan jinya. A sa ɗaliban zane-zanen gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su ajiye ma'aunin zafi a ciki, dare da rana, tsawon bazara guda, a haɗa sakamakon da hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet. Daga nan sai a hana izini ga duk zanen da ba shi da silin, da tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa, da wurin dasa itace a gefen yamma.

Wassalam.

Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina