A ba ma'aikatan masana'antu hutu, ba sai da karan sigari ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan abin da ke cin 'yan'uwana ma'aikatan masana'antu a Sharaɗa, Bompai da Challawa, wato taba sigari.

Shekara tara na yi a wani kamfanin roba a nan Kano, kuma a can na koyi shan taba. Ba don daɗinta ba. Awa 12 muke yi a tsaye gaban inji, ga zafi ga ƙara, kuma ban da sallah da cin abinci babu mai ce maka ka zauna. Amma idan ka nuna wa shugaban aiki kara ɗaya ka ce "Oga, minti biyar," sai ya ɗaga maka hannu. Wanda ba ya sha kuwa, in aka gan shi a waje, sunansa malalaci. Cikin wata uku na fara saye, don kawai in samu in jingina da bango in sha iska.

Kowa a wurin zai ce maka taba tana kwantar masa da hankali. Ni ma haka na ɗauka, sai daga baya na gane cewa sinadarin nikotin ne ke kunna ƙuncin da kansa: idan ya ragu a jini sai rai ya ɓaci, hannu ya kama rawa, ka kunna wata ka ji sauƙi. Wanda ya ɗaure ka shi kake yi wa godiya don ya sassauta igiya.

Maganar giya kuwa ba ma son yin ta a fili, amma tana nan. Ranar da aka yi albashi wasu kan sulale zuwa Sabon Gari, kuma wanda ke shan kara biyar a yini sai ya ƙarar da kwali a zama ɗaya, domin kowacce tana kiran 'yar'uwarta. Na ga abokin aikina ya yi wata huɗu da daina taba, dare ɗaya a mashaya ya mayar da shi ruwa. Yanzu tari ba ya barin sa barci, ga 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya suna shaƙar hayaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Ka haɗa wannan da ƙurar roba ko warin sinadarin jima da huhu ke sha tun safe.

Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, amma je ka bakin ƙofar kowace masana'anta ka ga teburin mai sigari kusa da mai shayi.

Roƙona ga masu kamfanoni da ƙungiyar ƙwadago shi ne a sanya hutun minti goma bayan kowace awa uku ga kowa da kowa, da inuwa da ruwan sanyi. A kuma riƙa kawo ma'aikacin lafiya ko da sau ɗaya a wata ya duba ƙirjin mutane, ya taimaki mai son dainawa. Ni sai da na bar aikin na iya rabuwa da ita, kuma yawancin abokaina ba su da inda za su koma.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin masana'anta,
Sharaɗa, Kano