Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban EYN Kan Naɗin Mata a Aikin Fasto

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN),
Hedkwata, Kwarhi.

Baba, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, ina kuma yi muku sannu da ɗawainiyar garken da Allah ya danƙa a hannunku. Ni 'yarku ce. A cikin wannan ekklesiya aka haife ni, a cikinta aka yi mini baftisma, kuma na daɗe ina ɗaura zanen Zumuntar Mata. Na zaɓi in rubuto muku a fili ne domin maganar da nake ɗauke da ita ta daɗe tana yawo a bakin mata, a bayan taro da gindin murhu inda ake dafa abincin baƙi, amma ba kasafai take isa zauren da ake yanke shawara ba. Har zuwa yau ekklesiyarmu ba ta naɗa mace a matsayin fasto, kuma roƙona shi ne ku kai wannan batu gaban Majalisa, babban taron ekklesiyarmu, domin a auna shi da ma'aunin Littafi Mai Tsarki.

A ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, aka kuma mamaye Kwarhi har hedkwatarmu ta yi ƙaura zuwa Jos na ɗan lokaci, iyalinmu na cikin waɗanda suka gudu zuwa Yola. Mun cika gidan wani ɗan'uwa maƙil, har a zaure da ƙarƙashin bishiya ake kwana. Gwaggona, wadda ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki tun tana da ƙuruciya, ta fito daga gida da abu biyu kawai, jikarta a baya da Littafinta a ƙulle cikin ɗankwali. Kowace asuba takan shimfiɗa tabarma, ta ɗaga waƙa da murya ƙasa-ƙasa don kada a tashi jarirai, sa'an nan ta buɗe Zabura ta karanta ta yi bayani. Maza dattawa, waɗansu ma 'yan kwamitin ekklesiya ne a garuruwansu, sukan zauna su saurare ta, kuma ita ce take zama da matar da aka kawo wa labarin mutuwar mijinta har gari ya waye. Ba ta taɓa kiran kanta fasto ba, ba ta kuma taɓa yin gunaguni ba. Ni ce tun daga lokacin nake tambayar kaina wane suna ya dace da aikin da na ga ta yi, idan ba kiwon garke ba.

An koya mana cewa 'Yan'uwa ba su da wata ƙa'idar bangaskiya sai Sabon Alkawari, saboda haka can zan nufa. A Yahaya sura 20, Maryamu Magadaliya ce Ubangiji ya fara bayyana gare ta bayan tashinsa, ita ce kuma ya aika ta kai wa almajirai labari. A ranar Fentikos, Bitrus ya jawo maganar annabi Yowel cewa za a zubo Ruhu a kan 'ya'ya maza da 'ya'ya mata, su yi annabci. Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci, kamar yadda Ayyukan Manzanni 21:9 ta nuna, kuma a sura 18 Biriskilla ce tare da mijinta Akila suka ja Afolos gefe, mutum mai ilimi da iya magana, suka ƙara fahimtar da shi tafarkin Allah. Manzo Bulus da kansa ya buɗe gaisuwarsa ta Romawa sura 16 da yabon Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ya ce a karɓe ta a taimake ta da duk abin da take bukata. A Tsohon Alkawari ma, sa'ad da aka tsinci littafin Shari'a a Haikali a zamanin sarki Yosiya, wurin annabiya Hulda babban firist da fadawan sarki suka je neman maganar Ubangiji.

Ban manta da 1 Timoti 2:12 da 1 Korintiyawa 14:34 ba, ayoyin da suka ce mace ta yi shiru, kuma ba na cikin masu tsallake ayar da ta yi musu nauyi. Sai dai a cikin wasiƙar nan ta Korintiyawa, sura 11, Bulus ya yi bayanin yadda mace za ta yi addu'a da annabci a cikin taro, wanda ke nuna cewa shirun da ya umarta a sura 14 yana da wani dalili da ya shafi hargitsin sujada a Korinti. Mu ma kanmu ba ma aiki da ayar a kan zahirinta, domin mata suna koyar da darasin Lahadi, suna bi da waƙa, suna hawa bagade su yi wa'azi a makon Zumuntar Mata, kuma jama'a suna cewa amin. Idan har mun yarda mace ta buɗe Maganar Allah a gaban maza, ya kamata malamanmu su bayyana mana, daga Nassi, dalilin da ya sa iyakar ta tsaya daidai kan ɗora hannu, da yin baftisma, da ba da Jibin Ubangiji.

Na san abin da wasu za su ce, cewa wannan ra'ayin 'yancin mata ne irin na Turawa, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa waɗansu abubuwa za su biyo baya. Ina ɗaukar wannan tsoro da muhimmanci, amma tarihinmu bai goyi bayansa ba. Mutum takwas da aka yi wa baftisma a kogin Eder da ke Schwarzenau ta Jamus a 1708, waɗanda su ne tushen 'Yan'uwa, uku daga cikinsu mata ne. 'Yan'uwa na Amurka, waɗanda suka aiko Stover Kulp da Albert Helser har aka yi sujadar farko a gindin tsamiyar Garkida ranar 17 ga Maris 1923, sun amince da cikakken naɗin mata a 1958, bayan doguwar muhawara a kan Nassi. Ba ma sai mun ƙetare teku ba, domin maƙwabtanmu na ekklesiyar Lutheran ta LCCN da ke Numan, waɗanda muke zama da su a TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, suna naɗa mata, kuma suna nan riƙe da bisharar da muke riƙe da ita. Kowace tambaya a auna ta ita kaɗai, kada a hana wa mace kiranta saboda tsoron wata magana dabam da ba ita ta kawo ba.

A idin ƙauna nakan ga tsofaffin mata sun durƙusa da tasa da tawul suna wanke ƙafafun 'yan'uwansu, sai in tuna cewa a wurinmu shugabanci bauta ne, kamar yadda Ubangiji ya nuna a Yahaya 13. Wannan bauta kuwa mata sun ɗauke ta a lokacin da ya fi kowane tsanani. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan ekklesiya ne, kuma ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Mata ce ta zaga ikkilisiyoyin Amurka a 2015 tana ba da labarin halin da muke ciki. Dokta Rebecca Dali ta kula da gwauraye da marayu da matan da suka kuɓuto daga daji, har aka ba ta lambar yabo ta ayyukan jinƙai ta Sergio Vieira de Mello a 2017. Akwai kuma 'ya'yanmu mata da ke zama aji ɗaya da maza a makarantar tauhidi ta Kulp, su rubuta jarrabawa ɗaya, amma bayan yaye hanyar naɗi ta buɗe wa wasu ta rufe wa wasu.

Baba, ba na roƙon ku yanke hukunci ku kaɗai, domin na san ba haka tsarinmu yake ba. Ina roƙon ku sa batun a jerin abubuwan da Majalisa mai zuwa za ta tattauna, ku kafa kwamitin nazari wanda zai haɗa malaman tauhidi maza da mata, a kuma ba gundumomi lokaci su karanta ayoyin nan tare, masu goyon baya da masu adawa, kowa da Littafinsa a buɗe. Ina kuma roƙon a ba matan da suka ce sun ji kiran Allah dama su tsaya a gaban Majalisa su ba da shaidarsu da bakinsu, kamar yadda ake sauraron kowane namiji kafin a ɗora masa hannu. Gwaggona ta tsufa yanzu, idanunta ba sa ganin ƙananan rubutu, kuma jikar da ta goyo zuwa Yola ce take karanta mata Zabura da asuba. Yarinyar ta fara cewa tana son zuwa Kulp, kuma ina so in san amsar da zan ba ta ranar da ta tambaye ni aikin da za ta yi idan ta gama.

Allah ya ƙara muku hikima da lafiya.

'Yarku cikin Ubangiji,
Wata 'yar Zumuntar Mata.