Wasiƙa ga Baƙinmu Masu Shirin Zuwa Hutu Bakin Teku

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwanmu na Zangon Kumasi, Nima, Tamale da masu tasowa tun daga Kano da Yamai. Muna gaishe ku daga ɗan gidan saukar baƙinmu da ke kusa da Akwidaa, a ƙasar Ahanta, yammacin Ghana. Hutun ƙarshen shekara ya gabato, waya ta fara yawa, shi ya sa muka ga gara mu yi bayani tun kafin kowa ya ɗaure kaya.

Nan ƙauyen masunta ne. Daga Akara zuwa Takoradi kimanin kilomita 220 ne, daga can ku hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, sannan ku gangaro ta Dixcove. Daga nan hanyar ƙasa ce mai gargada, don haka ku taso da wuri, kada magariba ta riske ku a kanta. Ku riƙo sidi a hannu, sabis ɗin waya yakan ɗauke, Momo, wato biyan kuɗi ta waya, ba ya tafiya kullum. Wutarmu ta sola ce: akwai fanka da gidan sauro, babu na'urar sanyaya ɗaki.

Babban abin da ya sa muka rubuto shi ne teku. Yawancin baƙinmu a kogi ko tafki suka koyi iyo, kuma wanda ya saba da Volta ko madatsar Tiga yakan ɗauka ruwa duk ɗaya ne. A wannan gaɓa, ruwan da igiya ta turo kan yashi yakan tattaru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kwanciya a ido: duhu-duhu, babu farin kumfa, igiya na fashewa dama da hagu amma ban da nan. Can ne uwa za ta ce wa yaro ya je ya yi wasa. Don Allah kada a yi. Daga bana ba mai shiga ruwa sai a wurin da yaran gidanmu, 'yan asalin garin, suka nuna, kuma suna tsaye. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi don komowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, ya ɗaga hannu a gan shi. Samari masu cewa sun iya, ku yi haƙuri, dokar ta haɗa da ku.

Sai batun fitila. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris kunkurun teku na fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi inda ya fi haske, wato saman ruwa. Fitilar gida takan juyo da su tudu su mutu. Saboda haka bayan sallar isha za mu kashe fitilun da ke kallon teku, kuma ban da haska tocilan a kan yashi. Dokar Ghana ta hana kama su da ɗibar ƙwansu, in an yi muku talla kada ku saya.

Abinci kifi ne sabo da banku ko dokunu, nama kuwa daga mahautan Takoradi muke kawowa. Amma ranar Talata masunta ba sa fita teku, ranar sai kyafaffe. Mu dai mun fi son baƙo ya yi amfani da Talatar ya je Cape Three Points, ƙarshen Ghana ta kudu, ya hau hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925, ko Princes Town ya ga ganuwar da Jamusawan Brandenburg suka gina a 1683. Akwai tabarmi da buta a kowane ɗaki, in kun fuskanci alƙibla teku na hannun damanku.

Masu zuwa da yara ƙanana su faɗa mana lokacin kama ɗaki, mu ba su na nesa da ruwa. Allah ya kawo ku lafiya.

Naku,
Masu gida da ma'aikata