Takardar Koke Kan Halin da Bakin Teku Yake Ciki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, mu mazauna gaɓa da masunta da iyayen yara muna neman afuwa da sake damunka. Ba don abin da ya faru ranar Asabar ba, da mun ci gaba da haƙuri.

Yara biyu ruwa ya ja, a daidai inda iyalai suka fi taruwa. Da masunta ba sa kusa da kwale-kwale, da yanzu zaman makoki ake yi. Babu mai ceto, babu tuta, ko igiyar jefawa babu. Kuma wannan jan ruwan sananne ne: siririyar hanya ce da ruwa yake bi ya koma teku, ta fi duhu, igiyar ruwa ba ta fashewa a kanta, sai baƙo ya ga ta lafa ya saki yaransa nan. Wanda ta ɗauka, in ya dage sai ya komo kai tsaye, gajiya ce za ta ci shi. Gefe ake iyo, a bi tsawon gaɓa har a fita. To wa zai gaya wa baƙo, tunda ko allo ba a kafa ba?

Mun rubuto, mun turo wakilai, an ce ana dubawa. Har yau ana dubawa.

Muna roƙon mai girma ya sa a kawo masu ceto da usur da tayar ceto mai igiya, a kafa tutoci ja-da-rawaya a iyakar wurin iyo, a riƙa duba su kullum, don hanyar jan ruwan tana sauya wuri. A ware wa masu fatsa nasu ɓangaren. Ƙugiya mai ƙayar baya in ta shige ƙafar yaro, ba a zare ta da hannu.

Sai masu kwana a tanti. Teku tana cikowa kusan sau 2 a yini, ta fi hawa a sabon wata da cikar wata. A shata musu wuri can sama da layin ciyawa da tarkacen da ruwa ya bari. A hana binne garwashi da yashi, yana kwana da zafinsa. Ruwa ake zuba masa. Makewayi ma babu.

Amma masu ceton nan, ranka ya daɗe, su muke roƙo kafin Asabar mai zuwa.

Allah ya ja zamaninka.

Masu biyayya,
Mazauna gaɓa, masunta da iyayen yara