Zuwa ga 'yata, malamar zane

Assalamu alaikum, Uwata.

Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya ɗalibai? Mahaifiyarki ta faɗa mini an ba ki darasin zane na 'yan aji huɗu, amma kina kukan makarantar ba fenti, ba takarda. Aikin ya faranta mini rai ƙwarai. Kukan ne ban karɓa ba.

Kakanki magini ne, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa ganin ya sayi fenti ba. Ina yaro ni ke tara masa kwasfar ɗorawa, a daka, a jiƙa, ruwan ya yi jawur. Makuba ke nan. Da ita yake shafe bango da daɓen ɗaki, damina ta zo ta wuce ba abin da ya same su. Dagin da ke fuskar zauren gidanmu da hannu ya fitar da shi tun laka tana ɗanya, ina riƙe masa ƙwarya. Marinar Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 take, da baba da toka take rini har gobe. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, ƙasa ce da azarar giginya.

Don haka ki fitar da yaran nan daga aji. Ki kai su gindin ɗorawa su taɓa kwasfar, ki nuna musu kalwar da ake yin daddawar miyarsu. Yaron da ya san wannan zai ji zafi ranar da ya ga an sare ta an yi gawayi. Littafin da ke sa su zana tuffa da dusar ƙanƙara, abin da ba su taɓa gani a gona ba, ki ajiye shi tukuna.

Sannan ki tambaye su ina kududdufin unguwarsu. Namu, inda kakanki ke haƙar ƙasa, an cike shi da shara an dasa shaguna, leda ta toshe kwata, bara ruwa har ƙarƙashin gadonmu. Ki sa kowa ya tambayi kakarsa yadda wurin yake a da, ya zana, ya kuma zana yadda yake yau. Gawayi da jar ƙasa da bayan kwali sun isa.

Zan aiko miki da buhun kwasfa ta hannun ƙaninki ranar Juma'a. Ki jiƙa ta kwana biyu kafin darasin, kada ki sa farin mayafi ranar. Mahaifiyarki na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba